Kayan Aro a Falon Tela

Takardar kamfanin wuta ta iso wa Tela cikin irin ladabin da kamfanoni ke yi idan za su illata mutum. Ta kira shi abokin hulɗa mai daraja, ta gode masa da shekarun da aka yi tare, sannan a layi na uku ta sanar da shi cewa ranar Alhamis ta sama za a yanke masa wuta.

Ga wasu, yanke wuta duhu ne kawai da zufa. Ga Tela yanke abinci ne. Tun da aka yi masa aiki a gwiwa ya daina iya taka keken ɗinki, ya sayar da na ƙafa ya sayi na lantarki. Wata ukun da ya yi a kwance su suka tara masa takardun da bai biya ba, su ne kuma suka kwashe kujerun falonsa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ga kayan 'yan makaranta saiti arba'in, an yanka, an jera a ɗakin ciki kusa da keken, ana jiransu ƙarshen wata. In wuta ta tafi ɗinki ya tsaya, kuma makarantar ba ta rasa teloli masu lafiyayyun gwiwoyi ba.

Matarsa ce ta jiyo labarin wata gidauniya a layin karɓar magani. Wani attajiri ne ya rasu ya bar wasiyya cewa a riƙa biya wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wuta daga dukiyarsa. 'Ya'yansa sun yi shekara biyu a kotu suna ƙoƙarin nuna cewa ba ya cikin hayyacinsa lokacin da ya rubuta, alƙali ya ce lafiyarsa ƙalau. Ita ta karɓo fom, ita ta cike, ta ajiye masa biro a kai. Ya yi kwana biyu yana kewaye takardar kamar za ta cije shi kafin ya sa hannu. Ranar Litinin aka bugo waya aka ce gobe da ƙarfe biyu wata jami'a za ta zo ta ga gida.

A matakalar bene ya haɗu da Bakanike, maƙwabcinsa na ƙofa da ƙofa, mutumin da bai taɓa jin wata matsala ya rasa abin cewa a kanta ba.

“Baba Tela, ka taɓa neman rance a banki?”

“Allah ya kiyaye.”

“To ni na nema, har sau uku. Ka san ranar da suka ba ni? Ranar da na je da motar wani kwastoma. Mutanen ofis ba sa ba wanda ya yi kama da mai nema. In matar nan ta shigo ta ga benci da tabarma, cewa za ta yi wannan ko an biya masa yau gobe ma zai dawo. Ka bar min komai.”

Tela bai gamsu da hujjar ba, amma ta zo daidai da abin da zuciyarsa ke so. Shekara arba'in yana yi wa mutane sutura, bai ga dalilin da baƙuwa za ta shigo ta tarar da falonsa tsirara ba.

“Malam, masu ƙaramin ƙarfi fa aka ce,” in ji matarsa.

“Ƙaramin ƙarfi aka ce. Ba a ce marasa mutunci ba.”

Ta dube shi, ta koma aikinta. Ta san irin wannan fuskar tasa tun kafin gashinsa ya yi fari.

Da safiyar Talata kaya suka fara shigowa. Bakanike ya kawo talabijin ɗinsa mai faɗin ƙofa, ya ce ba komai, ziyarar ofis ba ta wuce minti goma sha biyar, shi kuma wasan ƙwallon da yake jira sai ƙarfe huɗu. Nas ta hawa na biyu ta sa mijinta ya sauko da kujerun kushin guda uku. Daga can hawa na ƙarshe tsohuwar da kowa ke kira Gwaggo ta aiko da kafet, wanda ke naɗe a bayan gadonta tun rasuwar mijinta, ba ta taɓa barin ƙafa ta taka shi ba. Da kanta ta sauko ta ga yadda aka shimfiɗa, ta kafa sharaɗi cewa kada a sha shayi a kansa, ta ce ta ba da aro har faɗuwar rana. Aka tura benci da tabarma kicin. Da aka gama, Tela ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon falonsa, ya ji kamar ya yi sallama kafin ya shiga.

Jami'ar ta zo biyu saura minti biyar, amma ba ta ƙwanƙwasa ba sai biyu da minti biyar. Ta taga ya hango ta tsaye a ƙarƙashin matakala inda mitocin gidan suke a jere, hannu a baya, tana bin su ɗaya-ɗaya kamar mai duba marasa lafiya. Mace ce da ta haura hamsin, da takalmi maras tsini da wata tsohuwar jaka a hammata. Ba ta yi kama da wadda ta taɓa ba kowa rance ba.

Aka gaisa, aka kawo ruwa. Ta zauna a kujerar Nas, ta dubi falon a hankali.

“Gida ya yi kyau, Baba.”

Da ya tsaya a godiya da an wuce wurin. Amma yabo yana buɗe bakin dattijo fiye da kowane mabuɗi. Tela ya ji kansa yana bayanin cewa talabijin ɗin ya saye shi ne shekarar da ya samu ɗinkin ma'aikatan wani otal, kujerun kuma shi ya zaɓi launin da kansa, kafet kuwa ai irinsa ba a kawowa yanzu. Matarsa tana tsaye a ƙofar kicin tana kallon silin.

“Talabijin mai tausayi ne,” in ji jami'ar. “Na ga mitarku a ƙasa, tafiya take kamar ita ma an yi mata aiki a gwiwa.”

“Ba mu cika kallo ba.”

“Haka ya fi. Yana ɓata ido.”

Idonta ya bi wayar talabijin ɗin har inda ta ƙare, taku biyu kafin soket, da ɗan baƙin mai a jikin filogin. Ta buɗe jaka ta ciro fom mai shafi huɗu.

“Baba, akwai shafin da dole in karanta muku da baki. Kwamitinmu ya tsara abin da ya kira alamun wadata. Mota, injin wanki, na'urar sanyaya ɗaki, babban talabijin, kujerun kushin, kafet mai cika ɗaki. Keken ɗinki ba ya ciki, kayan sana'a ne. Duk gidan da na sa wa alama ko da guda ɗaya, kwamfuta tana mayar da takardarsa ƙasan layi. Kuma ba a karɓar bayanin cewa kaya na aro ne, don kwamiti ya ce kowa haka yake faɗa.”

Kwamitin nan mutum tara ne masu digiri, waɗanda sai da suka yi taro uku a otal kafin suka gano cewa talaka ba ya zama a kan kushin.

“Ƙasan layi kuma sai yaushe, 'yata?” matar Tela ta tambaya.

“Kuɗin shekara sukan ƙare tun layi bai kai rabi ba, Mama.”

Tela ya yi lissafi. Cikin abubuwa shida, uku suna falonsa, kuma kowanne ya ba shi tarihi da bakinsa. Hanya a buɗe take: ya tashi ya buga ƙofar maƙwabta ya ce kowa ya zo ya kwashi nasa. Amma sai ya zama mai nema kuma maƙaryaci a zama ɗaya, a gaban baƙuwa sa'ar ƙanwarsa. Ya tuna rigunan nan arba'in a ɗakin ciki. Ya gyara zama a kan kushin ɗin mutane.

“To, sai ki rubuta abin da kika gani.”

“Abin da zan rubuta ke nan, ba na ƙari ba na ragi. Sai dai ni ba na cike fom sai zan tafi, hoton falo ma sai zan tafi. Haka nake aikina. Yau kuma ku ne na ƙarshe.” Ta ɗago jakarta, hannun yana reto da zare biyu. “Baba, ko za ka duba min wannan? Wata biyu ina ɗaukarta a hammata kamar kaza.”

Ransa a ɓace yake, amma bai iya ganin ɗinki ya warware ya kau da kai ba. Ya ɗauko allura da zare mai kauri da tabarau. Ya gama hannun, sai ta ce ai shafin ciki ma ya yage, biro yana ɓacewa a ciki. Ya farke ya sake. Ta tambaye shi yadda ake gane zaren kirki, ya faɗa mata. Ta tambaye shi dalilin da wandon ɗan makaranta yake fara mutuwa ta gwiwa, ya yi mata bayani mai tsawo, har ya manta yana fushi. Ita kuma ta ce shekara goma sha tara ta yi tana karanta mita a kamfanin wuta kafin ta koma gidauniya, karnuka huɗu sun cije ta, sau ɗaya an watsa mata ruwan wanke-wanke.

“Aikin bai canza ba, Baba. Har yanzu gidajen da ba a son ganina nake shiga. Sai dai yanzu a kofi ake ba ni ruwan.”

Ƙarfe uku ya yi ya wuce. Tela ya fara tunanin matar nan ba ta da gida. Uku da rabi aka fara jin takun Bakanike a baranda, ya je ya dawo, yana tarin da ba na mura ba. Huɗu saura minti biyar haƙurinsa ya ƙare, ya ƙwanƙwasa, ya leƙo da kai, ya gaida baƙuwa har da rusunawa.

“Baba Tela, don Allah ko za ka ara min talabijin ɗinka? Nawa yana wajen gyara.”

Tela ya dube shi ta saman tabarau. Ya daɗe bai ga mutum yana roƙon kayansa da irin wannan ladabin ba.

“Ka cika aro, kai dai. Ɗauka, amma a kula da shi.”

Bakanike ya rungumi talabijin ya yi waje, rimot yana leƙe daga aljihun rigarsa ta aiki.

“Maƙwabcin kirki,” in ji jami'ar. “Har da rimot ɗinsa ya zo.”

Tela ya ɗago ya dube ta. Ita kuwa ta duƙufa tana duba ɗinkin jaka, kamar ba ta taɓa ganin abu mai ban sha'awa irinsa ba. A nan ya gane abin da take yi tun ɗazu. Kayan aro yana da lokacin komawa, ta sani, kuma ta zauna ne tana jiran lokacin ya yi da kansa, don kada ta sa dattijo ya janye maganarsa. Wa ya san falo nawa ta zauna a ciki haka, da wannan jakar da ba ta rasa abin gyara.

Matarsa ta riga shi ganewa da awa guda, kamar kullum. Ta yafa mayafi ta ce za ta sayo sukari, alhali gwangwani cike yake. Ba a yi minti goma ba sai ga Nas da mijinta.

“Baba, baƙi za mu yi, ko za a taimaka mana da kujeru?”

“Dukansu?”

“Baƙin da yawa.”

Jami'ar ta miƙe da kanta, ta ba su wuri, ta ce ita dama benci ya fi yi wa bayanta daɗi. Aka fito da shi daga kicin. Suka zauna a kai ita da Tela, ƙafafunsu a kan kafet ɗin Gwaggo, wanda yanzu ya cika ɗaki shi kaɗai, ja wur, babu abin da ya rufe ko kusurwarsa.

Matarsa ta dawo ba sukari, ta yafito shi zuwa ƙofar kicin.

“Gwaggo ta ƙi,” ta ce a hankali. “Ta ce har faɗuwar rana ta ba da aro, ita ba ƙaramar mace ba ce da za ta karɓe kaya a gaban baƙuwa. Ta ce dabarar 'yan ofis ce, wai ka dake.”

“Kin yi mata bayani?”

“Malam, ka taɓa gama yi wa Gwaggo bayani?”

Da ya koma, jami'ar ta dubi agogonta, karo na farko tun da ta shigo.

“Ƙarfe shida ake rufe ofis, Baba. In fom bai shiga yau ba, takardar dakatar da yanke wuta ba za ta kai kamfani kafin Alhamis ba. Nan da minti ashirin dole in tashi.”

Ta ajiye fom a cinya, ta cire murfin biro, ba ta rubuta komai ba.

Babu sauran wanda zai ƙwanƙwasa. Tela ya tsaya yana kallon kafet ɗin, irin wanda ya ce ba a kawowa yanzu. Ya soke allura a gaban rigarsa, ya dafa benci, ya sauka a kan gwiwarsa mai lafiya, ɗayar a miƙe. Ya kama bakin kafet ya fara naɗewa. Bai ɗago ba ya yi magana.

“'Yata, wannan ba nawa ba ne. Babu nawa a cikinsu.”

“Fom bai tambayi na wane ne ba, Baba. Abin da ke ɗaki ya tambaya.”

“Ni dai na faɗa.”

“Na ji. Ba shi da gurbi a takarda.”

Ta mayar da murfin biro, ta janye benci, ta durƙusa a ɗaya gefen ta taya shi naɗi. Da aka gama ta saɓa ƙarshensa a kafaɗa ta ce shi ya wuce gaba, ya fi ta sanin hanya. Hawa uku ne. Suka hau a hankali, yana tsayawa a kowace kwana ya huta, ita kuma tana cewa ita ce ta gaji.

Gwaggo ta buɗe ƙofa ta gan su, ta haɗe rai.

“Tela, ka ba ni kunya. Ko shayin aka zubar?”

“Ba a zubar ba, Gwaggo. An gode.”

Suka shigar da shi bayan gado. Ɗakin babu komai sai gadon da akwati da buta. Jami'ar ta ɗaga kai ta dubi inda ya kamata ƙwan fitila ya kasance.

“Gwaggo, mitar ƙarshen layi a ƙasa taki ce? Wadda ba ta motsi?”

“Ni ba na son haske. Ciwon kai yake sa min.”

“Yana yi wa mutane da yawa haka, musamman ƙarshen wata.”

Ta ciro fom da ba a cike ba ta ajiye a kan akwati. Gwaggo ta ce madalla, dama tana neman takardar da za ta shimfiɗa a cikin akwatin.

A ƙasa jami'ar ta ɗauki hoton falo: benci, tabarma, kalandar bara da aka bari saboda hotonta. Ta ja layi a gaban alamun wadata shida ɗaya bayan ɗaya, ta juya masa fom ya karanta, ya sa hannu. Sannan ta tambayi kuɗin gyaran jaka. Ya ce haba, ai wannan ba abin magana ba ne.

“In ka ƙi karɓa ya zama cin hanci, Baba, sai a kore ni. A wannan shekarun wa zai ɗauke ni aiki?”

Ya faɗi farashi na gaskiya, ta taya, ya ƙi ragi, ta ce teloli ba su da imani, ta biya. Shida saura kwata ta sauka matakala da sauri, jakarta rataye a kafaɗa.

Ranar Alhamis da hantsi motar kamfani ta tsaya a ƙofar gida. Tela ya ji ƙarar birkinta, ya ji an buɗe akwatin mitoci, bai leƙa ba. Yana kan riga ta ashirin da uku, ya ɗora ƙafa a hankali a kan abin takawa ya ci gaba da bin kabu, yana jiran keken ya mutu a hannunsa. Ya kai ƙarshen kafaɗa, ya juya, ya kama ɗayar. Aka rufe akwati, mota ta tashi. Keken yana ta aiki.

Matarsa ta shigo ta tsaya a bayansa.

“Sun tafi.”

“Na ji. Miƙo min maɓallai.”

Ta miƙa masa gwangwanin, tare da wata takarda a ninke huɗu. Fom ɗin Gwaggo ne, an cike shi da manyan baƙaƙe, an turo ta ƙarƙashin ƙofa tun asuba ba tare da sallama ba. Matar Tela ta kai shi ofis a ranar, aka ce jami'a za ta zo Litinin.

Da yammacin Lahadi Tela ya hau bene uku, Bakanike yana biye da shi yana bayanin cewa shi tun farko ya san haka za a yi. Gwaggo ta buɗe ƙofa.

“Me kuma ya faru?”

“Kafet ɗin nan na zo aro, Gwaggo. Zuwa gobe da yamma.”

Ta dube shi sama da ƙasa. Ta dubi Bakanike, wanda ya sunkuyar da kai.

“Me za ka yi da shi?”

“Baƙi zan yi.”

Ta waiwaya ta dubi bayan gado.

“Kai kullum baƙi,” ta ce, ta matsa gefe ta ba su hanya.